Me Ya Sa Gizo Ba Ya Tuba?



Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar tambaya ce da wani ƙanena, abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai, ya jefo mini a watan azumin da ya wuce. Shi dai wannan yaro shekararsa biyu ke nan da zuwa daga Katsina, kuma wani ya ba shi shawarar cewa in yana son kunnensa ya saba da Larabcin kan titi, wanda ba a koyarwa a aji, to ya riƙa kallon wasannin kwaikwayo na Larabawa. Sai ya kama shirin nan na Siriya mai suna Babul Hara a wayarsa, tun daga kashi na farko, yana bi a jere. Wata rana bayan mun sha ruwa, kafin a kira isha'i, sai na ga ya ajiye wayar ya dube ni ya ce, "Yaya, don Allah ba Abu Isam ya mutu ba? To ga shi nan ya dawo, har da gashin bakinsa." Na yi dariya na ce masa ai haka suke yi. Sai ya ce, "To ni baƙin cikin da na yi a kansa fa, wa zai biya ni?"

Ga wanda bai san shirin ba, Babul Hara ya fara fitowa ne a tashar MBC a azumin shekarar 2006, kuma labarin wata tsohuwar unguwa ce ta birnin Dimashƙa a zamanin mulkin Faransa. Abu Isam, wanda ɗan wasa Abbas Annuri ya fito a matsayinsa, yana daga cikin ginshiƙan unguwar. Bayan kashi na biyu ɗan wasan ya bar shirin, don haka a kashi na uku, a 2008, aka sanar da masu kallo cewa Abu Isam ya rasu, aka yi zaman makoki, iyalinsa suka yi kuka. A 2014, a kashi na shida, sai ga shi ya shigo unguwa da ƙafarsa, aka ce ashe bai mutu ba.

Na ba ƙanen nawa amsar da ta zo bakina a lokacin, amma tambayar ta ƙi barina. Domin kuwa in mai karatu ya lura, wannan ba halin Babul Hara ba ne kaɗai. Kusan duk wani labari da aka tsara shi don ya yi ta tafiya ba ranar ƙarewa, komai girgizar da aka yi a cikinsa, a ƙarshe sai an mayar da kowa mazauninsa. Wanda ya mutu ya dawo, wanda ya yi arziki ya tsiyace, waɗanda suka shirya su sake ɓatawa, wanda ya yi nadama jiya ya wayi gari yau kamar bai taɓa yi ba. Me ya sa? Kuma me wannan yake koya mana, mu da muke zaune muna kallo shekara da shekaru?

Amsar da ta fi kusa ita ce kuɗi, kuma ba ƙarya ba ce. Marubucin nan na Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes, yana ganin ya hana shi rubuta abin da ya fi muhimmanci a wurinsa, sai ya jefa shi cikin wani kwazazzabon ruwa a ƙasar Siwizalan a wani labari da ya fito a 1893. Masu karatu suka ƙi haƙura, masu buga mujallu suka zo da tayi mai tsoka, a 1903 Holmes ya dawo da bayanin yadda ya tsira. A Amurka an kashe Superman a ƙarshen 1992, aka sayar da mujallar mutuwarsa kamar ƙosai da safe, kafin 1993 ta ƙare ya tashi. Mai shago ba ya fasa tukunyar da take dafa masa abinci. Wannan kowa ya sani, kuma ba zan tsaya a kansa ba, domin amsa ce da take tura mu ga wata tambayar: in har suna sayarwa ne saboda ana saye, to mu me ya sa muke saye?

Bari mu koma gida, tun kafin zuwan talabijin, tun kafin a san wani abu wai shi kamfani. Shiri mai dogon zango na farko da yawancinmu muka sani a bakin kakanninmu muka ji shi, kuma jaruminsa Gizo ne. Ku tuna yadda tatsuniyar Gizo take tafiya. Kwaɗayi ko wayo ya ja shi ya yaudari kura, ko ya cuci tsuntsaye, ko ya yi wa sarki ƙarya. Wani lokaci ya sha, wani lokaci asirinsa ya tonu ya sha duka ko ya gudu ya maƙale a bango. A ce ƙurungus, yara su kwanta. Gobe da dare a sake buɗe wata, sai ga Gizo lafiya lau, babu tabo a bayansa, Ƙoƙi tana nan ba ta yi yaji ba, kura kuma ta manta da abin da ya yi mata jiya, a shirye take ta sake yarda da shi. Ba mu taɓa tambayar kaka me ya sa Gizo bai yi hankali ba. Da ma wata rana ta ce mana daga yau Gizo ya tuba, ya kama noma, ya daina haɗama, da mun yi mata bore. Kakar nan ba ta karɓar ko kwabo a hannunmu, amma ta san abin da masu MBC suka sani: jarin labarin shi ne halin jarumin, musamman ma aibinsa. Ranar da aibin ya warke, ranar tatsuniya ta ƙare.

Haka abin yake ga Samanja Mazan Fama, shirin da marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shafe shekaru yana yi a rediyo da talabijin na Kaduna. Sunan shirin kansa muƙami ne na soja. In aka ƙara wa Samanja girma ya zama hafsa, ya koma ofis, ya gyara Turancinsa, to an rushe gidan gaba ɗaya, har da allon da ke ƙofa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya fito a finafinai masu ɗimbin yawa, yau da wannan sana'a gobe da waccan, amma mai sayen kaset ya san Ibro ɗaya zai tarar a ciki, kuma don shi ya ba da kuɗinsa.

Wani masani ɗan Italiya, Umberto Eco, ya yi nazari a kan Superman tun a shekarun 1960, kuma ya kai ga wani abu da nake ganin shi ne gindin maganar. Ma'anar abin da ya ce a taƙaice ita ce, duk wani aiki na gaske da mutum ya yi yana cin wani yanki na rayuwarsa. In jarumi ya yi aure, ya rufe ƙofar samartaka. In ya haihu, ya fara tsufa. In ya gama da babban abokin gabarsa, to ya taka mataki ɗaya zuwa ƙarshen labarinsa, kuma ƙarshen kowane labarin ɗan Adam sananne ne. Don haka mai son jaruminsa ya dawwama dole ya bar shi ya yi ta motsi ba tare da ya gusa ba. Shi ya sa yaron nan Bart na shirin The Simpsons yake ɗan shekara goma tun 1989, alhali yaran da suka fara kallonsa wasunsu sun aurar da 'ya'ya. Shi ya sa kyanwar nan Tom take bin ɓeran nan Jerry tun 1940 ba ta ci shi ba. In ta ci shi, ita ma ta mutu.

Wani zai ce ai finafinanmu masu dogon zango na yanzu, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, ko Labarina, ko Izzar So, ba haka suke ba, domin ana aure a ciki, ana mutuwa, labari yana ci gaba. Gaskiya ne sun fi tatsuniyar Gizo tafiya. To amma ku lura da irin tafiyar. Akwai wani ƙulli guda da aka ɗaure shirin a kansa, wani asiri da bai tonu ba, ko aure da aka hana, ko gaba tsakanin gida biyu, kuma duk lokacin da ƙullin ya kusa kwancewa sai a jefo hatsarin mota, ko wani baƙo daga nesa, ko wasiƙar da ta faɗa hannun da bai dace ba. Motsin lilo ne, ka je gaba ka dawo baya, iska tana kaɗa ka, amma igiyar tana ɗaure a reshe guda. Kai har ɗan wasa ma ana iya canzawa a bar gurbin: da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, Fati Washa ta shiga rigar Sumayya aka ci gaba. Ni ina ganin Abubakar Imam ya fahimci wannan sirri sarai a Magana Jari Ce, wanda aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930. Aku yana ba Musa ɗan sarki labari bayan labari ne don ya hana shi fita, har gari ya waye yana nan inda yake. Wato shi labari mai jan zare aikinsa na asali shi ne riƙe mai sauraro a zaune. Sai dai shi akun Imam ceton ran Musa yake yi, kuma ya san ranar da zai yi shiru.

A nan ƙasar da muke zaune akwai misali mai ban sha'awa. Duk wanda ya yi azumi a Saudiyya tsakanin 1993 da 2011 ya san Tash ma Tash, shirin barkwancin Nasir Alƙasabi da Abdullahi Assadhan, wanda ake sakawa bayan shan ruwa, da farko a gidan talabijin na gwamnati, daga baya a MBC. Shiri ne da ya taɓo abubuwan da mutane ke gunaguni a kansu a ɓoye: jan ƙafar ma'aikata, alfarma da sanayya, ƙabilanci, wahalar da mata ke sha wajen neman muharrami a kan ƙaramar buƙata. Ya sha suka mai zafi, ya kuma sha yabo. Amma kowace fitowa da labarinta, gobe a share allo a fara sabo, baɗi kuma a dawo a tarar da matsalolin suna nan suna jira. Har nakan tambayi kaina, shin dariyar da ake yi wa matsala kowace shekara tana taimakawa wajen kawar da ita, ko kuwa tana sa a saba da ita ne, ta zama kamar wani ɗan'uwa mai ban haushi da ake gaisawa da shi duk azumi? Ina jin duka biyun sun faru. Abin lura dai shi ne, da shirin ya sake dawowa a 2023, ƙasar ce ta riga ta gusa: mata suna tuƙa mota tun 2018, gidajen silima a buɗe. Masu wasan sun tsufa, masu kallon sun tsufa, kuma wani ɓangare na abin da aka je nema a wurinsu shi ne ɗanɗanon azumin da.

Yanzu bari in zo kan littafin da ya fi kowanne taimaka mini a wannan tunani, wanda kuma da yawanmu mun ɗan taɓa shi, ko dai a zauren malam a gida ko a ajin adabi a nan Ummul Ƙura. Ina nufin Muƙamatul Hariri. Alhariri mutumin Basra ne, ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, wato 1122. Malamanmu na zaure sun fi karanta littafin don lugga, ana tsinto kalmomi masu wuya ɗaya bayan ɗaya, har ɗalibi yakan manta cewa labari ake ba shi. Alhali in ka ja baya ka dube shi, shiri ne mai dogon zango, fitowa hamsin cif, jarumi ɗaya, mai ba da labari ɗaya.

Jarumin shi ne Abu Zaidin Assaruji, tsoho mai zaƙin baki wanda ba shi da sana'a sai yaudara da fasaha. Mai ba da labarin kuma Harisu ɗan Hammam. Tsarin kusan kullum ɗaya ne. Harisu ya sauka wani gari, ya tarar da taro, wani mutum yana wa'azi ko yana kuka ko yana ƙara a gaban alƙali, ya burge kowa, aka tara masa kuɗi. Daga baya Harisu ya gane ashe Abu Zaidu ne ya sake shiga, ya zarge shi, shi kuma ya kare kansa da 'yan baitoci ya ɓace. A muƙama ta farko, a San'a, ya yi wa'azin da ya sa mutane hawaye, Harisu ya bi shi har maɓoyarsa ya same shi gaban gasasshen nama da tulun abin sha. A ta goma sha huɗu, wadda aka sa wa sunan garin nan namu, ya zo wa alhazai a cikin tanti ana tsananin zafi, shi da ɗansa, ya roƙi abin hawa, yaron ya roƙi abinci, suka samu. Ko Makka ba ta canza shi ba. Shi ma Harisu, kamar kurar tatsuniya, ba ya koyon darasi. Sau nawa aka yi masa, amma gobe in ya ga tsoho mai fasaha a wani gari sai ya sake buɗe baki yana sauraro.

Har zuwa nan Abu Zaidu Gizo ne da rawani. Bambancin yana ƙarshe. A muƙama ta arba'in da tara tsohon ya ji ƙarfinsa ya ƙare, ya kira ɗansa ya yi masa wasiyya da ya riƙe sana'ar bara da dabara, ya fifita ta a kan sarauta da fatauci da noma da sana'ar hannu. Da a hannun wani kamfanin zamaninmu ne, daga nan sai a buɗe sabon zango da sunan ɗan. Alhariri bai yi haka ba. A ta hamsin ya kai Abu Zaidu babban masallacin Basra, ya tsaya gaban jama'a ya lissafa abin da ya aikata, bai nemi dirhami ba, ya roƙi su yi masa addu'a. Daga baya labari ya iske Harisu cewa an ga mutumin a garinsu Saruj, ya sa tufar ulu, yana limanci, ba ya komai sai ibada. Harisu ya je ya gani da idonsa, suka yi sallama, littafi ya rufe.

Akwai masu nazari da suke shakkar wannan tuba, suna cewa mutumin da ya sha yin tuban muzuru don ya ci kuɗin mutane, me zai sa a yarda da shi a karo na ƙarshe? Shakkar tana da hujja. Amma ni abin da ya gamsar da ni shi ne babu muƙama ta hamsin da ɗaya. Alamar da marubuci yake da ita ta nuna cewa canji na gaske ne ita ce ya ajiye alƙalami. Alhariri ya yarda ya yi hasarar jaruminsa don ya bar shi ya zama mutum. Masu Babul Hara kuwa sun dawo da Abu Isam daga kabari don kada su yi hasararsa, kuma da yin haka suka shaida wa ƙanena cewa a unguwarsu mutuwa ma ba ta da nauyi.

Wani abu kuma da ya taɓa ni, wanda ban lura da shi ba sai da na yi shekaru a ƙasar mutane: Abu Zaidu ɗan gudun hijira ne. Garinsu Saruj ya faɗa hannun mayaƙan Turawa na yaƙin kuros, kuma a cikin yawonsa yakan ambaci garin da kewa. Duk tsawon lokacin da yake maimaita halinsa, a waje yake, baƙo ne a kowane gari, babu wanda ya san shi jiya balle ya tuhume shi yau. Bai koma gida ba sai da ya canza.

To a nan ne tambayar ɗabi'a take. Shin akwai laifi a cikin labarin da ba ya barin kowa ya canza? Zan faɗi hujjar masu kare shi da ƙarfinta, domin ni kaina ina jin ta. Za su ce ai gaskiya yake faɗa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Mu da muke zaune a Makka mun fi kowa ganin wannan. Duk wanda ya taɓa yi wa alhazanmu hidima a lokacin aikin hajji, ko tafinta ko jagora, ya ga dattijo yana kuka kamar yaro a Arfa, yana alƙawarin ya bar kaza da kaza har abada, bayan kwana huɗu kuma ka gan shi a masauki yana zagin abokin ɗakinsa a kan wurin shanya. Mu kanmu sau nawa muka ce daga wannan zangon karatu mun daina barin bita sai daren jarrabawa? Ashe ke nan Gizo ya fi Abu Zaidu kama da mu. Za su ƙara da cewa, mutumin da ya wuni yana fama, yana da haƙƙin ya zauna da dare wurin da ya san babu abin da zai ɓace masa. Wannan ma ban raina shi ba.

Inda na rabu da su shi ne, shirin yana faɗin gaskiya a kan komawa ga hali, amma yana ɓoye kuɗin da ake biya. Gizo yana komawa ga halinsa kyauta. Bayansa ya warke, kura ta manta, Ƙoƙi ba ta tsufa ba. Mutum kuwa in ya koma ga halinsa, ya koma ne yana da ƙarin shekara guda a kansa, wanda ya cuta yana tune, matarsa ta ƙara gajiya, ɗansa da yake kallonsa ya ƙara wayo. Dattijon da ya yi zagi a masauki ba daidai yake da wanda bai taɓa kuka a Arfa ba, ko dai abin ya riƙa cin sa a rai har wata rana ya yi tasiri, ko kuma zuciyar ta ƙara tauri. Babu wanda yake komawa daidai inda ya taso. Wanda ya sha kallon duniyar da ake share allo kowane dare, ina tsoron kada a hankali ya fara lissafin rayuwarsa da wannan ma'auni, ya riƙa jin cewa akwai wata fitowa gobe da za a fara daga farko, da mutanen nan dai, a yadda ya bar su.

Kuma wannan cuta ta fi kama mu 'yan ƙasar waje, ko muna kallon talabijin ko ba ma kallo. Akwai wani dattijo Bahaushe da nakan gaisar a wajejen Sharar Mansur, wanda ya zo ƙasar nan ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, tun yana saurayi, bai kuma sake komawa ba. In ya ga ɗalibi daga gida sai ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, zauna ka ba ni labarin Kano." Amma in ka fara, sai ka ga shi ne yake ba ka. Yana lissafa maka kududdufai da filaye da gonakin bayan ganuwa, yana tambayar wasu mutane da sunayen sana'arsu. Ban taɓa iya ce masa, Baba, wuraren nan duk gidaje ne da shaguna da gadoji yanzu. Abin mamaki, mutumin nan a gabansa aka rushe ganuwar Ajyad a 2002, a gabansa dogon benen agogo ya tashi a wurin, a gabansa unguwar Shamiyya ta tafi cikin faɗaɗa Harami, ya ga jirgin ƙasa ya fara zuwa Madina a 2018. Ya yarda Makka tana canzawa domin yana ciki. Kano kuwa ya ajiye ta a matsayin shirin da zai kunna duk lokacin da ya ga dama ya tarar da kowa a mazauninsa.

Na yi masa dariya a zuci har sai da abin ya zo kaina. Na taɓa yin shekara uku ban je gida ba, yau rashin kuɗin jirgi, gobe aikin hajji, jibi rubutun kundi, kullum ina cewa baɗi. Muna waya, muna ganin juna a hoto, don haka na ɗauka ina biye da shirin. Ranar da na isa, mahaifina ya taso zai tarbe ni, sai na ga ya dafa bango kafin ya miƙe. Babu wanda ya faɗa mini wannan a waya, domin su a wurinsu ba labari ba ne, a hankali ya zo. Ƙanwata da na bari tana tallar wasa da 'yartsana ta gaishe ni a tsugune, da hijabi, tana ce mini "Yaya, sannu da hanya" cikin kunyar da ban san ta da ita ba. Ɗakina ya zama na ajiyar hatsi. Na ji wani ɗan haushi ya taso mini, irin haushin mai kallo da aka canza masa ɗan wasa ba a sanar da shi ba, sannan na ji kunyar haushin.

Su ma a nasu ɓangaren sun ajiye ni a fitowar da na bar su. Inna ta dafa mini abincin da nake so ina ɗan shekara goma sha tara. Abokaina suka yi ta tsokanata da wani suna da wata wauta da na yi tun muna sakandare. Wani kawuna, da na ba da ra'ayi a kan wata maganar gado da aka tambaye ni, ya ce, "Kai ɗin? Yaushe ka girma?" Wannan ne ya sa na gane cewa mukan yi wa junanmu abin da masu shiri suke yi wa jarumansu. Mukan ɗaure mutum a kan halin da muka san shi da shi, saboda hakan ya fi mana sauƙin zama da shi. Wane ai marowaci ne, wance ai mafaɗaciya ce. In ya zo da alamar ya canza sai mu ce bari dai mu gani, kuma a ƙasan zuciya muna jiran ya koma, don labarin da muka saba bayarwa a kansa ya ci gaba da daɗi a majalisa. Mu ɗalibai ma a tsakaninmu haka ne. Akwai wanda ya yi wani kuskure a shekararsa ta farko a nan, yau yana rubuta kundin digiri na uku, amma in an ambace shi a ƙungiya da wancan kuskuren ake fara gabatar da shi. Mutanen masallacin Basra sun fi mu adalci, domin da tsohon mayaudari ya tsaya ya ce su yi masa addu'a, sun yi.

Ban ce a daina kallon Daɗin Kowa ba, ni ma in na samu intanet mai ƙarfi nakan leƙa in ga Kamaye da Adama, kuma in na tarar suna faɗan nan nasu nakan ji kamar na sha ruwan randar gidanmu. Ƙanen nan nawa ma bai daina Babul Hara ba, ya ce tunda ya fara sai ya ga inda za a kai shi, ko da yake yanzu in aka kashe wani sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, sai ka dawo."

Wannan hutun zai je Katsina, karo na farko tun zuwansa. Makon jiya muka shiga kasuwa wajen Aziziyya zai yi tsaraba, ya ɗauko wata 'yar farar jallabiya ya ɗaga ya ce ta autansu ce, ya gwada mini tsawon yaron da hannu, daidai ƙugunsa. Na ce masa, "Yaushe ka auna shi?" Ya ce ranar da zai taho, a tasha. Ya tsaya yana kallon rigar, sannan ya mayar da ita ya ce wa mai shagon ya kawo wadda ta fi ta da lamba biyu. Da muka fito ya yi shiru har muka kusa hawa mota, sannan ya ce, "Yaya, anya biyun ma za ta isa?"